Mai Haya a Gidan Mijinta

Bas ɗin ya ja birki, Mai Labule ta dafe ƙarfe da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta ƙanƙame jakar takardu a ƙirji kamar wani zai fizge. Ta san wannan ba layin mijinta ba ne, amma sai da ta leƙa madubin direba, ta ga fuskar wani mai gashin baki, ta kawar da kai. Da safe da zai fita aiki, ya ajiye mata katin bas a kan tebur, ya faɗa mata motar da za ta hau da tashar da za ta sauka, ya ce a dawo lafiya. Iyakar maganarsa ke nan, mutumin da ko ruwa zai sha sai ya tsokane ta.

Sunan nan na Mai Labule daga ƙasarsu ta zo da shi. Shekaru ta yi tana ɗinka labule a wani shago a bakin babban titi, ta fara da keke ɗaya har ta tara kekuna, ƙanwarta Auta tana kula mata da ciniki. A nan mijin nata, da ake kira Direba, ya same ta, wani hutu da ya je ganin gida. Ya kawo awon tagar 'yar'uwarsa, aka ɗinka, bai yi daidai ba. Ya dawo da wani awon, shi ma haka. Da ya sake dawowa ta ce masa ko dai tagar nan girma take yi, ko kuwa ba labule ne ke kawo shi ba. Ya ce ta biyun ce gaskiya. Dukansu ba yara ba ne. Shi matarsa ta rasu da daɗewa, ita kuma ta taɓa aure bai yi ƙarko ba. Aka ɗaura, aka sha wahalar takardu, ta biyo shi ƙasar da ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙa bas.

Shagon bai rufe ba, kuma da sunanta yake tafiya. To duk inda riba ta ɗiga, hukuma tana jin ƙamshi ko da mura take yi. Ƙasarsu ta ce ita tata ce, ta biya harajin shago yadda ta saba. Ƙasar da ta zo ta ce duk mai kwana a ƙarƙashin rufinta, abin da ya samu ko a bangon duniya ne sai ya bayyana. Direba ya ce kada ta tayar da hankalinta, ƙasashen biyu suna da yarjejeniya, ba a fiɗe akuya ɗaya sau biyu, abin da ake so kawai a san garken da take. Ya cike nasa fom, ya rubuta yana da mata, tare suke zaune. Ita kuma, da yake akwai shago a wata ƙasa, aka kira ta ofishin haraji don 'yan tambayoyi, ranar da yake bakin aiki. Yaren ƙasar ba ta jin komai a cikinsa sai na sayen albasa, don haka aka haɗa ta da tafinta ta waya, wani bawan Allah mai ladabi da ya koyi Hausa a makaranta.

Aka tambaye ta ina ne gidanta. Ta ce gidansu yana can, wurin mahaifiyarta. Aka ce to nan fa? Ta ce nan ɗakinta ne. Aka ce gidan da ɗakin yake, na wa ne? Ta ce na maigida ne mana. Ba ta faɗi komai ba face abin da kowace matar aure za ta faɗa. Shi ma tafintan bai ci amanar kalma ko ɗaya ba: gida ya mayar da shi gida, ɗaki ya mayar da shi ɗaki, maigida kuma mai gida. Da aka haɗa su wuri ɗaya a yaren ƙasar, sai ga wata mace mai gidanta a ƙasar waje, wadda ta kama ɗaki ɗaya haya a hannun wani mutum.

Takardar da ta biyo baya ta ce bayaninta da na mijinta sun saɓa, ta zo ta warware, in ba haka ba za a tura maganar ofishin izinin zama, tunda izininta a kan auren yake tsaye. Direba ya karanta a tsaye, ko hular aiki bai cire ba. Da ya fassara mata, ta gane inda gizo ya yi saƙa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba. Ya bi falon da kallo: akwatunanta a jere jikin bango, tana buɗe ɗaya ta ɗauki abin da take so ta mayar ta rufe, kekenta na ɗinki a cikin kwalinsa, ko salatif ɗin ba a yanke ba, tagogi da labulen roba mai sanduna da ya tarar tun da ya sayi gidan. A bayan ƙofa kuma ƙarafan labule da injin huda bango da ya saya kafin ta iso, suna tsaye kamar masu jiran a ce su shigo.

Ya ce, "Ni dai ban ga inda tafintan nan ya yi ƙarya ba."

Tun daga ranar maganar take zaune a tsakaninsu kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

Yau ta sauka a tashar da ya ce, ta hau benen ofishin haraji, wata na'ura ta tofo mata lamba. Ɗakin jira cike yake, kowa da jakarsa a cinya, kowa yana kallon allon lambobi kamar majinyata. Ta zauna, ta sake duba takardunta, ta ga babu rasit ɗin harajin da ta biya a can bara. Ta kira Auta ta bidiyo.

Auta tana gida, ba ta fita shago ba tukuna. Ta ce rasit yana ɗakin Yaya, bari ta ɗauko. Hoton ya yi ta rawa, ga bangon da ta sani, ga ƙofar da ke kuka in an tura ta. Da ƙofar ta buɗe, Mai Labule ta kusantar da wayar. Babu gado. Bandiran yadi ne tun daga ƙasa har kusa da silin, ƙarafan labule a jingine, madubinta an juya fuskarsa bango.

"Auta, ina gadona?"

Auta ta fara kame-kame, wai sito ya yi musu kaɗan, wai damina, wai Inna ce ta ce. Kafin ta gama wayar ta koma hannun Inna, wadda har yau take riƙe waya dab da fuska, sai goshinta da rabin ido ake gani. Ta ce gado dai an ba wa 'yar ƙaninta da ta haihu, gado ba ya kwana shi kaɗai.

"To in na zo fa, Inna?"

"In kin zo ganin gida ki kwana wurina, kamar kowace baƙuwa. Ke da kike da ɗakinki, me za ki yi da ɗaki a nan?"

Daga nan ta wuce tambayar ko maigidan nata yana lafiya, ko yana cin abinci, ko ciwon bayan nan na zaman mota ya sake shi. Auta ta karɓe wayar, ta nuna rasit, ta ce za ta turo hotonsa yanzu. Don ta share maganar gado, sai ta ba ta labari: wata mata ta zo jiya tana neman Mai Labule, yaran shago suka nuna mata Auta, matar ba ta ma ce komai ba ta miƙa awonta. Masu haraji ma sun zo suna neman Yaya. An ce musu ta yi aure ta bar ƙasar, suka ce su a wurinsu tana nan daram.

"Wallahi Yaya, su kaɗai ne ba su yarda kin tafi ba," in ji Auta tana dariya.

Mai Labule ta taya ta dariyar iyakar leɓe, ta kashe wayar. Ta zauna da ita a hannu har gilashin ya yi baƙi. Ashe duk safiyar da take tashi ta tura saƙon murya, a sa wannan yadi a gaba, a kira wancan mai otal, kada a ba wance bashi, mutane ne ke amsa mata da to don girmamawa, su ci gaba da abin da suka ga dama. Lambarta ta fito a allo ba ta lura ba, sai da na kusa da ita ya taɓa ta.

Ma'aikaciyar harajin mace ce mai furfura, tabarau rataye a wuya da igiya, da wata 'yar shuka a tukunya gefen kwamfuta. Wannan karon tafinta a zaune take, ba ta waya ba: wata dattijuwa mai jiki, da takalmin tafiya irin na masu yawon ofis-ofis. Ta riga ta karanta bayanin farko. Ta dubi Mai Labule sama da ƙasa, ta ce, "Amarya, ke ce mai hayar?" Sai dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Da ta natsu ta juya ta yi wa ma'aikaciyar bayani. Mai Labule ba ta jin yaren, amma ta ga tafintar ta zana ɗaki da hannu, ta nuna zoben aure, ta buga ƙirji. Ma'aikaciyar ta cire tabarau, ta yi tambaya, aka ba ta amsa, ta sake yin wata. Tafinta ta ce tana tambaya ne, wai ashe a wurinku mace sai ta tsufa a gidan miji tana ce masa ɗaki? Mai Labule ta ce a faɗa mata e, in ma aka ce wance ta koma ɗakinta, to aure ya gyaru ke nan. Matar ta yi murmushi, ta girgiza kai, ta buga wani abu a kwamfuta. Maganar haya ta mutu.

Mai Labule ta fara tattara takardunta, a zatonta an gama. Tafinta ta dafa mata hannu.

Ma'aikaciyar ta ce kuskuren kalma an gyara, amma tambayar tana nan. In mutum yana da wurin kwana a ƙasa biyu, doka takan tambayi inda rayuwarsa ta fi nauyi, inda mutanensa da sana'arsa suke. Ba don tausayi hukuma ke tambayar inda zuciyar mutum take ba, so take ta san aljihun da za ta laluba, amma tambayar dai ita ce. A can, in ji matar tana duba allo, akwai shago da sunanta, akwai asusun banki, akwai mahaifiya, har lambar wayar da ta bayar ta can ce. A nan akwai miji. Ban da shi fa? Akwai takardar wuta ko ta ruwa da sunanta? Akwai aiki? Mai Labule ta ce babu. Matar ba ta ɗaure fuska ba. Ta ce hanya biyu ce. In ta ce can ne, ta ci gaba da biya a can, nan ba za a taɓa ribar shagon ba, amma haka za a rubuta, kuma masu izinin zama suna iya karatu. In ta ce nan ne, ta bayyana ribar a nan, a cire abin da ta riga ta biya a can, su kuma su sanar da ƙasarsu cewa ta tashi.

Abin da matar ba ta faɗa ba, don ba ta sani ba, Mai Labule ta sani. Lasisin ƙaramin shago irin nata, mazaunin ƙasa ake ba wa. Ranar da aka rubuta ta tashi, sai a sauke sunanta a sa na wani.

Ta karkata wurin tafinta, ta rage murya. "Yaya, don Allah me zan ce?"

"Ni bakinki ce yau, ba zuciyarki ba," in ji tafintar. Ta gyara zama, ta ƙara da cewa ita ma aure ne ya kawo ta, tun wannan ofishin bai san kwamfuta ba. "Shekaru na yi akwatina a ɗaure a kan kabad, ina cewa baɗi. Ranar da na sauke shi, babu rigar da ta shige ni."

Ma'aikaciyar ta jira. Irin mutanen nan ne da suka iya jira, ta ɗauki kofin ruwa ta ɗiga wa shukarta.

Mai Labule ta tuna allon shagon, ranar da aka kafa shi, mai fenti ya rubuta sunan a karkace ta sa shi ya sake. Ta tuna keken farko da ta saya da guminta bayan mutuwar auren fari, lokacin da ta yi wa kanta alkawarin ba za ta sake zama inda za a ce mata ta tattara ba. Gaskiyar ita ce, tun daga lokacin ba ta sake kwance kaya gaba ɗaya a ko'ina ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. To amma mutumin nan me ya yi mata? Tun tana can ya aiko mata da awon tagoginsa, ya ce ta zo da labulenta na gidanta. Ta mayar da abin wasa, ta ce kowa ya san awonsa. Ya yi dariya a lokacin. Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma mayar da ƙarafan kanti ba.

Ta ce, "Ki ce mata gidana yana nan."

Tafinta ta ɗaga gira. "Gidanku, ko gidanki? Kada gobe a ce ni ma na ɓata."

"Gidana."

Kalmar ta yi mata nauyi a baki kamar ta aro. Can gidansu ne, na auren fari gidan mutane ne, ba ta taɓa jingina kalmar da kanta ba sai yau, a gaban wata mata da ba ta ma jin abin da ta ce. Tafinta ta juya ta faɗa. Ma'aikaciyar ta buga, abin bai kai zura zare a allura ba. Ta ce a sa sunanta a takardar wuta, ta kawo hoton rasit ɗin can da fassararsa, sannan ta tambayi sana'ar da za a rubuta mata a nan, ko a bar wurin babu komai. Mai Labule ta ce a rubuta ɗinkin labule.

A bakin bene tafintar ta riƙe ta ta ce in ta fara, falonta yana nan da tagogi tsirara, kuma ita ba ta biyan kuɗin amarya, farashin 'yar'uwa za a yi mata. Suka rabu suna dariya.

A bas ɗin komawa ta sami kujera jikin taga. Ta danna wayar ta yi wa Auta saƙon murya, ta goge, ta sake yi. Ta ce mata ta je ofishin lasisi a mayar da shagon da sunanta ita Auta, za ta aiko mata da takardar amincewa. Ta ce allon kuma in ta ga dama ta bar shi, tunda ga shi ma ita ake kira da sunan. Ba a jima ba amsa ta zo. Auta tana kuka, tana rantsuwa ita ba da wata manufa ta ba da labarin matar jiya ba. A bayanta ana jin muryar Inna tana cewa a daina kuka a kan alheri, Allah ya yi wa 'yar nan albarka. Mai Labule ta jingina goshi da gilashi, ta bar hawayen suka yi abin da suka zo yi. Wata tsohuwa da ke gefenta ta miƙo mata tishu ba tare da ta dube ta ba.

Da ta shiga gida ko mayafi ba ta ajiye daidai ba ta ɗauko wuƙa ta yanke salatif ɗin kwalin. Keken ya fito da warin mai da na shagonsu. Ta ɗora shi a kan teburin da ke kusa da taga, ta buɗe akwatin ƙasa, wanda ba ta taɓa buɗewa ba, ta zaro wani yadi mai nauyi, ruwan zuma, da ta ɓoye wa kwastomomi tun bara ba ta san wa take ɓoye wa ba. Sannan ta jawo kujera ta hau, ta kama labulen robar nan ta yi ta fama da shi har ya saki bango ya zube ƙasa da ƙara.

Da la'asar Direba ya turo ƙofa. Ya tarar da falon kamar an yi dambe: roba a ƙasa, ƙurar bango a kan kafet, akwatuna a buɗe, matarsa a kan kujera da injin huda bango, ta yi rami ɗaya daidai, ɗaya a karkace. Ya tsaya da hula a hannu. Ya tambaya yaya ofis. Ta ce an gyara, ba ta juyo ba. Ya dubi keken, ya dubi yadin da ke shimfiɗe a kan doguwar kujera, ya yi gyaran murya, ya haɗe fuska iya ƙoƙarinsa.

"Wa ya ba ki izinin huda mini bango?"

"Mai haya ce ke neman izini," ta ce. "Riƙe mini nan, Maigida."

Ya ajiye hular, ya zo ya ɗaga ƙarfen sama da kansa, yana cewa ta yi a hankali da bayan tsoho. Can ya ce ai da ta huta da awo, wanda ya aiko mata tun tana can yana nan a wayarta. Ta ce Allah ya kiyaye ta yanka yadi mai tsada a kan awonsa, ita da ta san tarihinsa. Ta zaro tef daga wuya, ta ja daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta sauke zuwa ƙasa, ta duba.

Daidai yake da nasa, ko faɗin yatsa bai bambanta ba. Ba ta faɗa masa ba. Ta ce ya ɗaga hannun hagu kaɗan.